Ranar da Aka Kori Koci

Saura minti ashirin a shiga labaran ƙarfe ɗaya aka ajiye wa Garam takardar, da ɗuminta daga inji. Labari biyu ne da Turanci, kuma kalma ɗaya ce ta tsaya a tsakiyar kowanne: "sacked". An kori wani minista. An kori kocin ƙungiyar ƙwallon garin. Kocin nan kuwa yayan Garam ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Garam ne mai fassara labarai da karanta su a gidan rediyon, kuma kalmar nan ce ta raɗa masa suna. Gidan yana da wata ƙa'ida da ba a rubuta ba, amma ko mai shara ya san ta. In kalmar ta faɗa wa ɗan siyasa, sai a wanke ta, a shafa mata mai, a ce "an sauke shi daga muƙaminsa", kai ka ce kaya aka taimaka aka sauke masa. In ta faɗa wa koci kuwa, kakar Garam ta yanke saƙa. Shekara tara ke nan da ya fara cewa, "An tattara masa komatsansa, an nuna masa hanya, ƙofa ta ce garam!" yana buga tebur da tafin hannu. Gari ya ɗauka. Har wani kamfanin lemo ya sayi minti biyar ɗin wasanni don bugun teburin nan kawai. Koci nawa ya yi wa haka? Bai taɓa ƙirgawa ba, bai kuma taɓa tambayar ko suna da ƙanne ba.

Ya ɗauki takardar ya shiga ofishin Edita, wata mace mai tabarau wadda ba ta ɗaga kai sai dole.

"Ranki ya daɗe, na ce ko yau a ce an sallame shi kawai?"

"Wa? Ministan?"

"Kocin."

Ta ɗaga kai. "Na san yayanka ne. Gari ma ya sani. Shi ya sa yau kowa ya kasa kunne. In ka sassauta, gobe za a ce gidan nan yana da 'yan lele."

"To ai ministan ma korarsa aka yi. Kalma ɗaya ce."

"Minista yana da lauya," in ji ta. "Kuma ba ni na ƙirƙiro garam ba."

Ya fita ya nemi wani ya karanta a madadinsa, aka ce abokin aikinsa ya tafi asibiti da matarsa. Ya tsaya a barandar da ba ta da taga, ya kira wayar yayansa sau biyu, a kashe. Mutumin nan ne ya goya shi a keke zuwa makaranta, shi ya saya masa rediyonsa na farko. Tsoro ya kama shi, ga kunya, ga haushin kansa. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Ɗakin watsa labarai ƙarami ne, an lulluɓe bangonsa da soso, ƙofarsa mai nauyi. Jar fitila ta kama, alamar an fara watsawa. Ya sauke minista a hankali, da ladabi. Aka sa tallar lemo. Ta cikin gilashi ya hangi Edita tsaye bayan mai haɗa sauti, ta harɗe hannu. Da aka zo kan labarin koci, ya ce a ransa zai faɗa a sanyaye. Amma baki ya riga ya saba, ya ja "komatsansa" yadda yake ja kullum, hannu kuma bai jira izini ba. Tebur ya amsa. Mai haɗa sauti ya ɗaga masa babban yatsa.

Da la'asar ya tafi gidan yayan, don gara ya kai kansa. Matar yayan ta amsa sallama ciki-ciki, ta koma kan wankinta. A falo Yaya na zaune a ƙasa yana cire igiya daga wasu tsofaffin takalman ƙwallo. Inna, mahaifiyarsu, tana kan kujera, rediyo a cinyarta. Kunnenta ya yi nauyi, amma shirin autanta ba ya wuce ta.

"Yaya, ina wuni."

"Lafiya lau. Ka zo?"

"Na kira wayarka."

"Na gani daga baya." Bai ɗago ba. "Ni na ƙara wa Inna muryar rediyon."

Inna ta washe baki, ta miƙo hannu. "Auta! Yau ka buga da ƙarfi, har nan na ji. Wane marar rabo ne kuma? Sunan ne ban kama ba."

A tsakar gida ƙarar wanki ta tsaya.

"To yi mini a nan in gani da idona," in ji Inna, ta jawo ƙaramin teburin shayi ta tura gabansa. "Kullum sai dai in ji."

Garam ya dubi yayansa. Yaya ya ajiye takalmin, ya kalle shi a karon farko.

"Yi mata mana," ya ce. "Tana jira."