Faifan Ɗakin Inna

Auta ta danna maɓallin sabuntawa da safe, kafin masu kawo aikin buga takardu su fara shigowa shagonta. Kwamfutar ta sauke sabon kanel, wato ƙashin bayan manhajar, ta kashe kanta ta tashi. Sai baƙin allo da jan rubutu: an kasa haɗa faifan "ɗakin-inna".

Ta sake karanta sunan. Yayanta ne ya haɗa na'urar tun suna tsohon gidansu, kafin a rushe shi a shimfiɗa titi. Kowane faifan ajiya da ke cikinta suna ya ba shi: na aiki "zaure", na hotunan iyali da muryoyin da ya naɗa "ɗakin-inna". Rabon da ta lura da sunayen nan har ta manta.

Ta kira shi. Yanzu nesa yake, sai gaisuwar saƙo.

"Yaya, ɗakin Inna ya ƙi buɗuwa."

Ya tuntsire da dariya. "Tsohuwar kwamfutar nan tana nan da rai? Me kika yi mata?"

"Sabuntawa kawai."

"Ke da taɓe-taɓe! Kashe ta ki kunna. Idan jeri ya fito, zaɓi tsohon kanel."

Ta zaɓa, na'urar ta tashi lafiya. Ya bayyana mata cewa sabon kanel ya sauya wa faifan lakabi, na biyu ya koma na uku, ita kuwa na'urar tana can tana ƙwanƙwasa ƙofar da ba ita ba. Ya sa ta nemo lambar faifan ta dindindin, ta rubuta a fayil ɗin haɗa faifai. Tana karanto haruffan yana cewa "a hankali mana", kamar lokacin da yake koya mata keke a tsakar gida.

Ta sake kunnawa da sabon kanel. Komai ya hau.

"Buɗe mini ɗaya daga cikin muryoyin," in ji shi.

Ta danna wanda hannunta ya faɗa. Muryar Inna ta cika shagon, tana faɗan wa ya bar mata buta a bakin ƙofa.

"Kai ne," in ji Auta.

"Wallahi ke ce."

Wani mutum ya leƙo da takardu a hannu. Ta nuna masa benci, ta ce ya ɗan yi haƙuri, ta gyara riƙon wayar.