Waƙoƙin Da Aku Bai Maimaita Ba

Shekara talatin Uwar Tsuntsaye tana rubuta wa yara waƙoƙi, ba ta taɓa waƙe abin da ba shi da fiffike ba. Balbela, hasbiya, carki, har ungulu sai da ta samu baiti huɗu, ita da ko danginta ba sa yabonta.

Sirrin sana'ar kuwa wani tsohon aku ne a keji bakin taga, sunansa Edita. Duk waƙar da ta gama sai ta karanta masa sau uku. In ya cafke layi ya maimaita, yara ma za su haddace, sai a kai maɗaba'a. In ya yi gum, ta kekketa ta watsa a kwandon shara. Mijinta, tsohon direban bas mai bakin tsiya, kullum yana gefe yana gyaran rediyon da ba ya gyaruwa, yana cewa, "Duk duniya ke kaɗai ce tsuntsu ke ba wa maki."

To, wata bakwai ke nan Edita bai ce uffan ba. Waƙa arba'in ta keta. Tsoro ya kama ta sosai, ta tabbata baiwar ce ta ƙare, har ta ce wa mai maɗaba'a ya daina jira.

Mijin ya gaji da ganin fuska a murtuke, ya kinkimi kejin sai wurin likitan dabbobi. Ya dawo yana dariya har da riƙe ciki.

"Albishirinki! Editan naki ya kurumce. Likita ya tafa a bayansa, ko gezau."

Ita ba ta yi dariya ba. Ta dubi kwandon da aka juye ba adadi, hawaye ya zubo. "Arba'in fa, Maigida. Ko ɗaya ban ajiye ba."

Ya sosa ƙeya, ya kau da kai, ya buɗe muryar nan tasa mai kama da fasasshiyar salansar mota:

"Zalɓe, zalɓe, dogon wuya,
Kifin jiya har yau yana hanya."

Ta yi sororo. Wata biyar da keta wannan! "Nawa ka riƙe?"

"Sau uku-uku kike ɗura min su a kunne. Duk sun maƙale, na rasa yadda zan yi da su."

Ta share ido, ta ja kujerarsa zuwa bakin taga, ta ɗauki alƙalami.

"Ajiye rediyon nan, Edita. Fara daga farko."