Likitar Zakaru Ta Duba Chebo

Shekarar da aljihun gwamnatin lardi ya huje, wani mai kaifin basira a ofishin gwamna ya lura cewa 'yan dambe da zakarun faɗa sana'arsu ɗaya: a zuba biyu a fili, jama'a su yi ihu, ɗaya ya faɗi. To don me za a ciyar da hukuma biyu? Aka cusa su ɗaki guda a bayan dandalin faɗan zakaru, aka sallami likitan 'yan dambe, aka ce likitar dabbobi ta riƙa duba kowa.

'Yan damben garin suka yi ta zage-zage, ban da Chebo Almánzar, shi kam daɗi kamar ya kashe shi. Shekara uku ke nan idonsa na hagu ya daina gani, tun wani naushi da ya sha a Santiago, kuma ko matarsa bai gaya wa ba. Da haddar allon gwajin ido yake tsallakewa, har tsohon likitan ya soma yi masa kallon tuhuma. Ga dambe ranar Asabar, in babu takardar lafiya babu shiga fili, kuma Chebo bai iya komai a duniya ba sai dukan mutane.

Ya je tare da mai horar da shi, Don Fulgencio, wanda ya tsince shi a kasuwa yana yaro ya raine shi kamar ɗan cikinsa. Don kada tsohon nan ya ji kunya ne ma Chebo ya fi ɓoye maganar. Suka bi layi bayan wani mutum da ya rungumo jan zakara.

"Baba, in ta ce in yi cara fa?" in ji Chebo.

"Sai ka yi mana. Ai ka fi wancan murya."

Likitar dabbobin, Dokta Yudelka, ko kallon kirki ba ta yi masa ba. Ta matsa cinyarsa, ta leƙa bakinsa, ta sa shi ya buɗe hannuwa.

"Likita, fukafukan ƙalau suke?" in ji Chebo. "Ina allon karatun?"

"Wane allo? Kuɗin fitila ma ba a ba mu ba. Kuma masu zuwa wurina ba su yi makaranta ba. Kalli hancina."

Ta riƙe haɓarsa. Ta kawo hannu ta dama, ya ƙifta ido. Sai kawai ya ji yatsa ya ɗalle masa kunnen hagu, bai ga tahowarsa ba.

"Wannan idon ya tafi," ta ce. "Ba zan sa hannu ba. Zakara ne ma sai in ce a kai shi gida wajen kaji ya huta."

Tsoro ya kama Chebo, ba na takardar ba, na abin da tsohon zai ji. Amma Don Fulgencio ya riga ya miƙe yana buga sanda a ƙasa.

"Ke 'yar nan, kaji kika sani! Shekara uku yaron nan yana dambe da ido ɗaya, wa ya taɓa kayar da shi? Ni nake zaɓar masa abokan karawa marasa ƙarfin hannun dama, don shi ne ke zuwa ta gefen mataccen idon. Sa hannu mu tafi!"

Jan zakaran ya yi ƙorafi a bakin ƙofa.

Chebo ya juyo da kansa gaba ɗaya, don ya ga tsohon sosai.

"Baba, na ranar Asabar fa? Da hannun dama yake kashe mutane."

Don Fulgencio ya kawar da kai.

"Shi ne ya fi biya," ya ce.