Ledar Gadon Baba

Yaya Babba ya cusa kai cikin sabuwar motar ƙaninsa, ya kafa hanci a kan kujerar gaba yana shinshina, sai ka ce mai neman inda ɓera ya mutu.

"Wannan ba fata ba ce," ya ce da ya ɗago. "Roba ce aka yi wa kwalliya. Fata ta gaske ƙamshinta daban ne."

Yaya Ƙarami ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Haba Yaya! Shafa ka ji mana. Ko hannunka ya saba da taurin taka ne?"

Ina tsaye a bakin ƙofa da jakar magungunan Baba a hannu. Manyan jif biyu, baƙa da fara, sun toshe layinmu, mai wucewa sai ya karkace. Ni ce autarsu, ni ce kuma nake zaune da mahaifinmu tun da ɓarin jikinsa ya shanye. A ranar za a kai shi asibiti gashin ƙafa, likita kuma ya ja mini kunne cewa in muka ƙara tsallake rana ƙafar za ta sandare. Na kira su su biyun da fatan ɗaya zai zo. Sai ga su duka, don kowa ya ji ɗan'uwansa zai zo da mota.

"Wannan katakon na gaba fa?" Yaya Babba ya ƙwanƙwasa shi da farce. "Ji ƙararsa. Fenti ne. Nawa itace ne, har jijiyarsa kana gani."

"To taka tana tausa?" Yaya Ƙarami ya danna wani maɓalli, kujerar ta fara motsi a hankali. "Ga firji a tsakiya. Ga rufin gilashi har baya. Taka ai ɗakin jira ce mai taya."

Na ga wuyan Yaya Babba ya kumbura. Tun suna yara haka suke, in aka ɗinka wa ɗaya riga sai ɗayan ya ƙi cin abinci. Shi ya fara sayen baƙar, ana ta zuwa kallo, bai gama jin daɗi ba ƙanin ya shigo da farar da ta fi ta tsawo.

Yaya Ƙarami ya ciro ƙyalle mai laushi da wani mai a kwalba, ya shiga goge inda hancin yayansa ya taɓa. A hankali, da lallashi. Wallahi kishi ya turnuƙe ni, ba zan ɓoye ba. Kuma ba motar nake wa ba, kujerar nake wa. Wannan hannun bai taɓa shafa wa ƙafar Baba man zafi ba.

* * *

Na tarar da Baba ya gama shiri. Da hannunsa mai lafiya ya karkata hula, ya zazzaga turare har ya yi yawa. Farar rigar da ya daɗe bai sa ba ita ya ce in ciro masa tun da safe.

"Auta," ya ce, harshensa na ja da ƙyar, "wacce zan shiga?"

"Wadda ranka yake so, Baba. Ai duka naka ne."

Ya yi murmushi da rabin baki. Na turo kekensa zuwa waje, yana ta kallon motocin, idonsa na ƙyalli.

Yayyen nawa suka durƙusa suka gaishe shi.

"Yaya," in ji Yaya Ƙarami yana sosa ƙeya, "taka ta fi faɗi, kai ma ka sani. Baba zai fi sakewa."

"A'a, ina! Taka ce mai tausa. Ita ta dace da maras lafiya."

"Tausar ai ba wata aba ba ce. Taka ta fi shanye rami."

"Kai dai ka cika kunya. Fatar taka ma ta fi laushi, na shafa na ji."

Ikon Allah! Na saki baki ina kallonsu. Tun da nake ban taɓa jin ɗaya ya yabi abin ɗayan ba sai yau.

Yaya Ƙarami ya ja yayansa gefe, ya rage murya, amma bai rage ta yadda ya kamata ba. "Ka san ba ya riƙe fitsari. Tawa fara ce, in ya shiga cikin ɗinkin, warin ba ya fita."

"Tawa kuma a bola na tsince ta?"

Jiki ne ya shanye wa Baba, kunnensa ras yake. Na ga hannunsa ya sauka daga kan hular a hankali.

"Auta," ya ce, "ɗauko ledar gadona."

"Baba..."

"Ɗauko."

Na shiga, na yaye ledar da nake shimfiɗa masa a ƙarƙashin zanin gado, na ninke. Baba ya karɓa ya miƙa musu. Yaya Babba ya ce leda zamewa take a kan fata. Yaya Ƙarami ya duba wayarsa, ya ce bari ya kira mana tasi mai kyau.

"Ku bar shi," na ce. "Allah ya bar ku da kujerunku."

* * *

Na tura keken ta ɗan tsukin da ke tsakanin motocin, ina jin Yaya Ƙarami yana cewa in yi hankali da fenti. A bakin titi na tare babur mai ƙafa uku. Kujerarsa ta yage, soso ya leƙo, an ɗaure gefe ɗaya da igiya.

Ni da direban muka kama Baba za mu ɗora shi, sai ya ce mu dakata. Ya warware ledar da hannu ɗaya, ya shimfiɗa a kan yagaggiyar kujerar, ya bi kowace kusurwa yana gyarawa. Babu wanda ya ce ya yi.

Sannan ya ɗago ya dubi direban.

"Yi haƙuri, ɗana," ya ce. "Ba zan ɓata maka ba."