Sallar Yaya Sada a Bakin Kanal

Yayana Sada akwai taurin kai, Allah na gani. Shekara da shekaru yana cewa basir ne. Ya sha sassaƙe, ya sha jiƙo, jini bai tsaya ba. Sai da ya yanke jiki ya faɗi yana ba tumatir ruwa, a shekarar da aka canja kuɗi, sannan muka sa shi a motar kwanduna zuwa asibiti a Zariya.

Likita ya ce ba basir ba ne, ƙari ne a can cikin dubura, irin wanda shi kansa bai cika gani ba. Sai an yanke wurin, a buɗe wata hanya a gefen ciki, a manna jakar tara bayan gida.

Kun san abin da Yaya ya tambaya? Ba zancen mutuwa ba. "Likita, alwalata fa?"

Aka yi aiki, Allah Ya tashi kafaɗarsa. Malam Sammani, mai jan mu salla a gona, ya zo dubiya, ya ce mai lalura irin wannan sallarsa ta yi. Yaya ya ce to. Na san wannan to ɗin, ta fatar baki ce.

Mu manoman layinmu a ƙarƙashin darbejiya muke azahar, bakin kanal ɗin ban ruwa, kuma kullum Yaya a sahun gaba yake. Ranar da ya dawo gona sai na ga ya ja buzunsa can baya, cikin rana, shi kaɗai.

"Yaya, mene ne haka?"

"Kada in cuci mutane da wari, Hambali."

Wallahi raina ya ɓaci. Wane wari kuma? Mu da muke yini cikin taɓo da taki!

Malam Sammani ya waiwayo. Ya naɗe buzunsa, ya tako ya shimfiɗa a gaban Yaya. Ɗaya bayan ɗaya jama'a suka biyo shi, inuwa ta zama ba kowa. Ƙasa na ƙona goshi, muka yi raka'a huɗu. Kafaɗata na jikin ta Yaya.

Da aka sallame ya goge ido da hannun riga.

"Don Allah gobe ku koma inuwa," in ji shi. "Zan matso."