Gawar Fitowa ta Uku

A da shi ne jarumin ƙungiyar wasan kwaikwayon. Da haƙora suka zube, darakta ya mayar da shi gawa. A fitowa ta uku zai kwanta rigingine a tsakiyar dandamali, jaruma ta durƙusa tana masa kuka har a ja labule. Jarumar 'yar ƙanwarsa ce, shi ya sa kowa ke ce masa Kawu.

"Kawu," in ji darakta tun a wurin gwaji, "ko tari ka yi, gobe filo zan kwantar a gurbinka."

Ranar wasa zaure ya cika maƙil. Kawu ya mutu yadda ya kamata. Da kuka ya yi nisa, ya ɗan buɗe ido. A duk zauren gawa ce kaɗai ke kallon sama, saboda haka shi kaɗai ya ga babbar fitilar dandamali ta karkace, igiyarta na warwarewa zare-zare, saitin kan yarinyar.

"Matsa," ya raɗa, leɓe bai motsa ba.

"Wayyo mahaifina!" ta kurma ihu don 'yan kallo. Ta sunkuyo ta ce a hankali, "Kawu, ka mutu mana."

"Fitila. Matsa gefe."

"In na bar inda aka yi min alama na fita daga haske. Don Allah kar ka ɓata min."

Ya karkato ido zuwa bayan fage. Mai fitila na latsa waya. Mai tuna wa 'yan wasa kalamansu ya kafa kai a takardar wasa. Darakta na tsaye jikin labule, yana cin farce.

Ƙura ta zubo wa Kawu a fuska. Wani zaren ya tsinke.

Gawa ta miƙe zumbur, ta finciki jaruma, suka zube can gefen dandamali. Zaure ya ɗauki shewa. Wani ya yi ihu, "Baba ya fasa!" Aka ja labule a gurguje.

Fitilar ba ta faɗo ba.

Yarinyar na kuka, na gaske wannan karon. Darakta ya ce, "Cire kayan wasan ka tafi."

"Sai an sauke ta," in ji Kawu, yana nuna sama.

Mai fitila ya hau tsani yana tsaki. Yana taɓa ta, ta taho masa a hannu, saura kaɗan ta kayar da shi. Ya sauko da ita.

Darakta ya daɗe yana duban guntun igiyar. Sannan ya ce a sayo sabuwa, a kuma nemo wata gawar kafin wasan gobe.