Hoton Rashidu

Iro na tsaye bakin aji a lakol ɗin Agiye, da alli a hannu, salularsa ta motsa cikin aljihu. Zauren WhatsApp na 'yan garinsu ne, wanda shi ke shugabanta. Tun da aka shiga kamfen zaɓe ba abin da ake turowa sai waƙar jam'iyya da zage-zage, don haka a gajiye ya buɗe. Sai ga Rashidu, ɗan gwaggonsa, kwance bisa tabarma, an ɗaure masa haɓa da farin ƙyalle. Iro ya yi maza ya kau da ido. A ƙasan hoton muryar Jamilu ce, abokin aikin Rashidu a Aljeriya, yana kuka yana cewa gini ya rufto.

Baƙin ciki ya kama shi, amma tsoro ya fi yawa, tsoron Gwaggo Kadi. A garinsu ba a jefa wa uwa labarin mutuwa haka kawai. Dattawa ke zuwa su zauna, su ce yaro ba lafiya, su ce jiki ya yi tsanani, sai zuciya ta ɗan shirya sannan a faɗa. Yau ga gawar ɗanta na fari tana yawo cikin aljihun kowa.

Ya goge hoton daga zauren, ya kira Jamilu.

"Gawar mutum ce fa, ba hoton ɗan takara ba. Uwarsa ba ta ji ba."

"Wallahi ruɗewa na yi, Mushe," in ji Jamilu, yadda ake kiran malamin lakol.

"Goge shi, har na cikin salularka. Ina jira."

Ya hau moto, babur ɗinsa, ya kama hanyar garinsu, Cadawa. Duk inda ya san ɗan garinsu na zama sai ya tsaya: wurin mai shayi, rumfar cajin salula, bakin tasha. Bai yarda da "to, zan goge" ba, a gabansa ake yi. Wani ya ce ai ya riga ya tura wa yayarsa a Gidan Sori, Iro ya tsaya a kansa har aka kira ta. Kafin azahar ya gaji tilis, amma ya ji ya rufa wa ɗan'uwansa asiri.

Shi da liman, Malam Rabo, da wasu dattawa suka yi sallama gidan gwaggon. Gwaggo Kadi na zaune tana tsintar wake a faifai. Aka gaisa, aka tambayi gona.

"Kadi, an bugo daga Aljeriya," in ji Malam Rabo. "Yaron naki ba ya jin daɗi."

"Malam, kada ka wahalar da bakinka," ta ce a hankali. "Tun hantsi mata ke kau da kai in sun gan ni. Maƙwabciyata Balkisu ta shigo aron turmi, ta fita da kuka ba turmin. Allah Ya jiƙan shi."

Ko yau ba ta kama sunansa ba, kunyar ɗan fari. Aka yi addu'a aka shafa, dattawa suka fita shimfiɗa tabarmin gaisuwa. Iro zai bi su, ta riƙe masa gefen riga.

"Iro, an ce akwai hotonsa. Ni ba zan ga kabarinsa ba. Nuna mini in ga yadda suka shirya shi."

Ya ciro salular, ya san ba komai a ciki. Inda hoton yake, sai ɗan layin da ke cewa an goge.

"Na sa an goge, Gwaggo. Ko'ina. Don kada ki gani."

Ta ture faifan gefe.

"Ashe gari duka ya gan shi, ban da ni." Ba faɗa a muryarta, kuma wannan ya fi yi masa ciwo. "To kai da ka gani, faɗa mini. An rufe masa ido?"

Iro ya lalubi hoton a ransa. Ya tuna tabarmar, ya tuna farin ƙyallen. Duk yinin nan yana bin mutane su goge, bai tsaya ya dubi fuskar ba.

"An rufe, Gwaggo," ya ce.

"Alhamdu lillahi," ta ce, ta saki rigar.